Baƙin Karen da Ya Kwanta a Ƙarƙashin Tagar Hasiba

Da sunan Allah Mai rahama ga duk abin da ke numfashi, tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wannan labari ne daga abin da na gani da idona na karamomin Shehinmu, malami masani, mai tsentseni, mai gudun duniya, arifi billahi, wanda ya sha fiƙihu da tafsiri da tasawwufi a hannun manyan malaman Sarajevo da Istanbul, sannan ya dawo ɗan garinmu na cikin duwatsun Bosniya, ya zauna a zawiyar bakin kogi yana karantar da manya da yara har gemunsa ya yi fari fat. Allah Ya tsarkake sirrinsa, Ya haskaka makwancinsa. Ba zan ambaci sunansa ba, domin bai so haka ba yana raye. Mu dai Efendiya muke ce masa, wato Malam a yarenmu. Ni kuwa sunana Nusret, mai gidan burodi ne a titin kasuwa, kuma na daɗe ina zama a majalisinsa.

A shekarun da samarinmu suka riƙa kulle gidaje suna tafiya aiki Jamus da Ostiriya, karnuka suka cika gari, domin wanda zai hau mota da akwatinsa ba ya ɗaukar kare. Sai a kwance shi a bakin hanya, ya yi ta bin motar har ya gaji. Efendiya, Allah Ya yarda da shi, ya sa aka kewaye tsohon lambun tuffa na bayan zawiya da waya, aka kakkafa 'yan ɗakunan katako a ciki, ya riƙa tara duk wanda aka yasar ko aka azabtar. Yana da wata tsohuwar kwat da ke rataye a ƙofar lambun, ita yake sawa in zai shiga, in ya fito kuma ya tuɓe ta ya wanke hannuwansa kafin ya nufi masallaci. Da wasu suka fara gunaguni cewa bai dace malami kamarsa ya riƙa hulɗa da karnuka ba, abin da ya ce kawai shi ne: "Wanda Ya halicce su bai ji kunyarsu ba."

Ni nake kai musu ragowar burodi, Belkisa likitar dabbobi kuma tana zuwa ta yi musu allura da aikin hana haihuwa. Amma Efendiya ba ya barin su su dawwama a can. Yakan ce lambu masauki ne, ba gida ba. Baƙo zai zo gaisuwa ko tambayar wata mas'ala ta gado, ana cikin shan gahawa sai ya dube shi ya ce, "Akwai wani a baya da yake jiranka." Haka makiyayan tudu suka samu nasu, haka tsofaffin da 'ya'yansu suka tafi suka samu masu kwana a ƙofarsu, har limamin cocin tsallaken kogi ya koma gida da wata gurguwar karya a bayan motarsa. Ban taɓa ganin an dawo da ko ɗaya ba.

A garin kaf babu wanda ya tsani karnukan nan kamar Sakib, wani tsohon direban motar ɗaukar katako, tun ranar da na titi suka cinye masa kaji. Kullum yana ofishin ƙaramar hukuma yana cewa a harbe su. In ya shigo sayen burodi sai ya ɗaga guda ya matsa, ya ce, "Nusret, yanzu na gane dalilin da ya sa kake kai wa karnuka. Su kaɗai ke da haƙoran cin wannan."

Nakan ce, "To ai kai ma kullum sai ka saya, Kawu Sakib."

Mutane suna haƙuri da bakinsa ne saboda sun san abin da ke gidansa. Matarsa Hasiba a da ita ce mai surutun layinsu. Daga tagarta take gaisawa da kowa, take yi wa 'ya'yan kowa faɗa. Sai ɗansu ɗaya tilo, Edhem, ya faɗo daga saman gini a wurin aikinsa a Jamus. Tun ranar da aka kawo gawarsa aka binne, Hasiba ba ta sake furta kalma ba. Likitocin Sarajevo sun duba, suka ce harshenta lafiya lau. Tana salla, tana cin ɗan abin da aka ajiye mata, sannan ta koma kujerarta ta bakin taga ta zuba wa titi ido. Lokacin sanyi ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa ya wuce, tana nan haka.

Wata Juma'a bayan an sauko, ƙanƙara ta fara narkewa a kan rufin gidaje, Sakib ya biyo mu cikin zawiya, abin da bai saba yi ba. Ya zauna yana jujjuya hularsa a hannu har gahawarsa ta huce.

Ya ce, "Efendiya, ni ba mai yawan roƙo ba ne. Gidan nan ya yi min shiru. Ko zagina ne ta yi, ina so. Ka yi mata addu'a."

Efendiya ya sunkuyar da kai ya daɗe, leɓɓansa na motsi, sannan ya miƙe ya ce, "Nusret, ɗauko min kwat ɗin nan. Sakib, tashi ka raka mu tsohon wurin yankan katako."

"Me ke can? Ni addu'a na ce."

"An yi addu'ar. Amsar za mu je ɗaukowa."

Kowa a gari ya san abin da ke wurin. Mutumin da ya taɓa gadinsa ya ɗaure wani ƙaton baƙin kare na makiyaya a jikin turken ƙarfe, yana dukansa da sanda wai don ya yi zafi, daga baya ya bar garin ya bar shi a ɗaure. Masu tausayi suna jefa masa ƙashi daga nesa, amma ba mai iya matsawa, domin ya riga ya ciji wani da ya gwada. Da muka isa, sai muka tarar da Rifet, ma'aikacin ƙaramar hukuma, tsaye da bindiga a kafaɗa.

Rifet ya ce, "Efendiya, don Allah ka tsaya nan. An ba ni umarni in harbe shi. Ga ma wanda ya kai ƙarar a bayanka."

Sakib ya kawar da kai, ya ce, "Ni duk karnukan garin na ce, ban ce wannan kaɗai ba."

Karen ya taso da wani irin gurnani har sarƙar ta miƙe, sai muka ga ta ci wuyansa ta shige cikin nama. Efendiya ya ce wa Rifet, "Ba ni aron karen nan kaɗan, ɗana." Ya taka a hankali har ya shiga inda sarƙar take kaiwa, ya zauna a kan wani guntun gungume, ya ɗora hannuwansa a gwiwa, ya yi masa sallama kamar yadda yake yi wa kowa. Wallahi ina tsaye ina kallo, gurnanin ya yi ta raguwa har ya ɗauke, karen ya ja ciki ya matso, ya ɗora haɓarsa a kan takalmin Shehi. Ni na zo da zarton ƙarfe, domin kwaɗon da ke wuyansa ya yi tsatsa har ramin mabuɗin ya toshe. Kafin in miƙa, Efendiya ya kama kwaɗon da yatsu biyu ya yi bismilla, sai ya buɗe a hannunsa. Rifet ya sauke bindigar daga kafaɗa ya jingine ta a bango.

Na ɗauka lambu za mu kai shi. Amma Efendiya ya ce, "Ku ƙyale shi, ya san hanya." Karen da bai taɓa fita daga wannan fili ba ya shige gaba yana ɗingishi, muna biye, ya haye gada, ya wuce ƙofar zawiya bai ko waiwaya ba, ya ratsa kasuwa mutane na darewa, ya shiga layin su Sakib, ya tura ƙyauren katako da hanci, ya kwanta a ƙarƙashin tagar da Hasiba ke zaune.

Sakib ya ce, "A'a. Efendiya, duk gidajen garin nan, nawa ya gani? Ina da kaji fa."

Efendiya ya ce, "Baƙonka ne. Ka ba shi ruwa." Ya juya ya tafi.

Belkisa ta zo ta wanke miki, ta yi allura, ta bar magani. Amma karen ya ƙi cin abinci. Na kai burodi jiƙe da romo, ya kawar da kai. Sakib da kansa, yana ta mita, ya yanko masa nama, bai ko shinshina ba. Yana kwance dai, idonsa a kan taga, Hasiba kuma daga ciki idonta a kansa. Kwanaki suka tafi haka har haƙarƙarinsa suka fito, Belkisa ta ce in bai ci ba, ba zai kai wata Juma'ar ba. Sakib ya je zawiya a fusace.

"Ka kawo min mara lafiya na biyu. Da ɗaya ce ba ta magana, yanzu ga wani ba ya ci. In ya mutu a ƙofata, me zan ce?"

Efendiya ya yi murmushi ya ce, "Ashe ka damu da shi. Koma gida, ba hannunka yake jira ba."

Washegari da hantsi na kai musu burodi, sai na ji ƙanshin miyar kaza tun daga ƙyaure, ƙanshin da layin ya daɗe bai ji daga gidan ba. Hasiba ce ta fito da kwano a hannu, da ɗankwalinta da silifas, ta durƙusa ta ajiye a gaban karen. Ya dube ta, ya sa baki, ya lashe kwanon tas. Sakib yana tsaye a bayanta yana leƙen akurki, ya ce da ni a hankali, "Jar kazata ce fa. Mai ƙwai." Amma idanunsa sun cika da hawaye.

Duk da haka ba ta yi magana ba. Sai bayan 'yan kwanaki, ina wurin kuma, Allah Ya sa na shaida. Maganin Belkisa ya ƙare, Sakib ya ce shi ya san abin da direbobi ke yi wa miki tun zamanin da, ya shiga rumfa ya fito da gwangwanin baƙin mai da tsumma, ya durƙusa zai shafa a wuyan karen. Sai taga ta buɗe.

"Kai tsohon nan, kanka ɗaya kuwa? Baƙin mai? Mota ka ɗauke shi?"

Gwangwanin ya suɓuce daga hannun Sakib, man ya malale a kan wandonsa. Muryar ta dushe saboda daɗewa, amma ta Hasiba ce.

Ta ce, "Dubi wandon da ka ɓata, wa zai wanke? Nusret, kai kuma ka tsaya kana kallonsa? Je ka kira Belkisa. Garo, taso nan, rabu da shi."

A nan muka ji sunan da ta raɗa masa a zuciyarta saboda baƙinsa, domin a yarenmu Garo ake kiran baƙin kare. Sakib ya zauna daɓas a ƙasa cikin man, yana kuka yana dariya, yana cewa, "Ƙara, Hasiba. Ƙara faɗa." Da yammacin ranar ta sa ya raka ta maƙabarta, karen na biye har bakin ƙofa inda ya kwanta ya jira su, ta zauna a gefen kabarin Edhem ta kira sunansa, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza. Da na koma na ba Efendiya labari, sai ya ɗaga hannu ya yi hamdala, ya ce, "Kowannensu an bar shi a ɗaure. Allah ne Ya kwance su, kada ka ce ni ne."

Garo ya warke ya yi ƙiba, gashi ya rufe tabon wuyansa, kuma bai taɓa ko kallon kajin Sakib ba. Shi ne ma ke korar dila daga akurkin. Da bazara ta yi, tuffa ta yi fure, sai ga Sakib ya shigo zawiya muna zaune, ya gaishe da Shehi, ya zauna ya yi ajiyar zuciya.

"Efendiya, tun ranar nan ba ta yi shiru ba. Daga asuba har isha. Duk abin da na yi cikin shekarun nan tana gani ashe, yanzu take bin su ɗaya bayan ɗaya. A cikin karnukan bayan nan, babu wanda ke sa mutum ya ɗan huta da surutu?"

Efendiya ya yi dariya har kafaɗunsa na rawa, ya ce, "Abin da ka roƙa aka ba ka, Sakib. Saurara mata."

"To, na ji." Ya miƙe, ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya. "Ta ce wai Garo na zaman kaɗaici. Ta ce kada in dawo hannu rabbana."

Haka mutumin da ya fi kowa kai ƙarar karnuka ya ratsa kasuwa da ɗan kwikwiyo a cikin rigarsa, duk wanda ya yi masa dariya sai ya ce, "Saƙo ne aka ba ni."

Wannan kaɗan ne daga abin da Allah Ya gudanar a hannun wannan bawa nasa salihi, mai taushin zuciya, wanda rahamarsa ta game mai magana da wanda ba ya magana. Ya Allah, Ka ɗaukaka darajarsa a cikin waliyyanKa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka amfane mu da albarkarsa, Ka sanya mana tausayin halittarKa a zukatanmu, Ka kwance duk wani ɗaurarre daga abin da ya ɗaure shi. Amin, ya Rabbal alamina.