Wushiryar da Jikana Ya Goge

Ku yaran yanzu ba ku da haƙuri ko kaɗan. A fara nuna muku abu, kafin a rufe baki kun ce kun iya. Haka jikana yake, ɗan 'yata ta biyu, shi ya sa nake kiransa Na-Iya.

Da ya gama makaranta aka kai shi shagon mai hoto ya koyi gyaran hoto a kwamfuta. Ni ban yi karatu ba, amma ranar da na je ɗaukar hoton katin asibiti na ji abin da maigidansa ke koya masa, kuma na gane. Ya ce ba a taɓa ainihin hoto. Ana ɗora masa wani shafi a sama kamar gilashi, suna ce masa leya. Gyaran fuska a shafi ɗaya, launi a wani. In an yi kuskure a cire shafin, hoton yana nan lafiya a ƙasa.

Na ce, "Ka dai ji ko?"

Ya ce, "Haba tsohuwa, ke da ba ki san inda ake kunna ta ba! Wannan ɓata lokaci ne."

"Mara kunya," na ce, na tafi abina.

Bayan sati biyu wani direban babbar mota ya kawo katin wayarsa. A ciki akwai hoton mahaifiyarsa da ta rasu, ba shi da wani hotonta sai shi, yana so a faɗaɗa. Maigida ba ya nan. Na-Iya ya buɗe hoton daga katin, bai ɗora leya ba. Ya goge tamojin fuskar, ya haskaka fata, ya cike wushirya, ya adana a kan na asali.

Direba ya dawo, ya daɗe yana kallo.

"Wannan wace ce?"

"Mama ce mana, na gyara ta."

"Uwata wushirya gare ta. Mayar min da ita yadda take."

Babu abin mayarwa. Ƙaton mutum ya zauna a benci yana share hawaye da hularsa.

Yaron ya zo wurina jiki a sanyaye. "Kaka, yaya zan yi?"

"Au, yau ni ce Kaka?" Na bar shi ya ɗan ji a jikinsa, sannan na ce, "Macen da ta shekara saba'in ba a rasa hotonta a akwatin wata. Je ka ba ɗanta haƙuri, ka bi danginta gida-gida."

Kwana goma sha biyu yana yawo a ƙafa. A wurin ƙanwar matar ya samu wani ɗan ƙaramin hoton marigayiyar da ya koɗe, tana dariya. A gaban maigidansa ya gyara shi, leya bakwai, bai taɓa na ƙasa ba. Direba ya karɓa, ya dafa kan yaron, ya ce ya yafe. Yanzu ana yabon aikin yaron.

To ku ji da kyau. Abin da aka ba ku amana, kada ku yi masa gyaran da ba za ku iya warwarewa ba, kuma in mai koya muku ya ce a bi a hankali, ku bi. Jikana ya shiryu, amma wata uku ya yi yana yankan hotunan fasfo da almakashi kafin a sake barinsa shi kaɗai a gaban kwamfuta.