Kalmar da Ta Kayar da Malam Sada

Akwai wani malamin tarihi a wata sakandare da ke Daura, ana ce masa Malam Sada. Mutumin kirki ne, sai dai yana ji da karatunsa. In ya fara jero shekaru da sunayen ƙasashe, har wani ɗaga haɓa yake yi.

Wata Talata ya shiga ajin ƙarshe da darasin kisan kiyashin Ruwanda. Ya gaya musu an kashe mutum wajen dubu ɗari takwas cikin kwana ɗari, kuma da baki aka fara kafin adda. A rediyo aka riƙa kiran 'yan ƙabilar Tutsi kyankyasai, har mutane suka daina ganinsu a matsayin mutane.

Wani ɗalibi sarkin gardama, Ikrima, ya ɗaga hannu.

"Malam, ni fa na ga wani bidiyo a waya, an ce ƙarin gishirin Turawa ne. Wa ya ƙirga su?"

Malam Sada ya kawo masa hujjoji, kaburbura da shaidun waɗanda suka tsira. Da ya ji daɗin bakinsa sai ya ƙara da cewa, "Mu dai mu gode Allah, irin wannan bai taɓa faruwa a ƙasarmu ba. Ga Ijeoma nan Inyamura ce, lafiya muke zaune."

Aji ya yi dariya, ban da Ijeoma, 'yar Okafor mai shagon kayan gyaran babur, wadda ta fi kowa ƙoƙari a darasin.

Ta ce, "Malam, ka san ma'anar wannan kalmar?"

Ina ya sani? Tun yana yaro yake faɗinta bai taɓa tambaya ba. Ya waske ya ce a buɗe shafi na gaba.

Daga ranar Ijeoma ta koma bencin baya, ta kame bakinta. Mako na zagayowa Malam Sada ya ji ta nemi a cire ta daga ajin tarihi, ga jarrabawa ta matso. Abin ya dame shi ƙwarai, tambayarta kuma ta ƙi barin ransa.

Bayan la'asar ya tafi shagon mahaifinta.

"Baban Ijeoma, tambaya ce ta kawo ni. Mene ne Inyamuri?"

Okafor ya ajiye fulogin da ke hannunsa, ya turo masa benci.

"Malam, a yarenmu 'nye m mmiri' na nufin 'ba ni ruwa'. Ana cewa daga nan kuka samo sunan, ni dai ban san gaskiyarsa ba. Abin da na sani, mahaifiyata ba ta iya jin kalmar har ta rasu."

Ya ce a 1966 tana budurwa a wani gari nan Arewa, aka kashe ƙanenta Chimaobi a hanyar tashar jirgi, masu bin su suna kiran wannan suna. Ita kuwa maƙwabciyarsu Iya Maiturare ce ta ja ta cikin gida, ta yafa mata mayafi, ta ce 'yarta ce.

"Naku ma an kashe a can wajenmu, ba zan ɓoye maka ba," in ji Okafor. "Amma a ce bai faru ba, wannan ne yarinyar ta kasa haɗiyewa."

Kunya ta lulluɓe Malam Sada. Ashe shi da Ikrima jirgi ɗaya ya kwaso su, yaron ya musanta na nesa, shi ya musanta na gida.

Washegari ya tsaya gaban aji ya janye maganarsa, ya nemi afuwar Ijeoma a gaban kowa. Sannan ya tambaye ta ko za ta yarda ta ba su labarin kakarta da Chimaobi da bakinta, in ba ta so kuma ba dole.

Ta amince. Daga inda take zaune ta fara, har ta kai ƙarshe.

Ikrima ya ɗaga hannu. Malam Sada ya ce a ransa yau kuma wace gardamar ce.

"Ijeoma, shekararsa nawa?"

"Sha bakwai."

Ikrima ya ce, "Sa'ana ne ke nan." Ya jawo littafinsa. "Yaya ake rubuta sunansa?"

Ijeoma ta taso har gaban allo, ta karɓi alli a hannun Malam Sada, ta rubuta Chimaobi da manyan haruffa. Aji duka suka kwafa. Da ta gama, a bencin gaba ta zauna.

Darasi: Kada ka ce abu bai faru ba don kawai ba a gidanku aka yi kukansa ba, kuma ka binciki sunan da kake kiran mutane da shi kafin ya fita bakinka. Ku tura wa malamai da iyaye, yaranmu su ji daga gare mu.