Birkin da Aka Ƙi Gyarawa

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum, direban motar haya, mai faran-faran da jama'a. Aibinsa ɗaya: ya yarda da gwanintarsa fiye da kima.

Wata rana ya kai motarsa gareji. Bakanike ya shiga ƙarƙashinta, ya fito yana goge hannu da tsumma, ya ce, "Maigida, birkin nan ya cinye. Ka bar mini ita yau."

Direba ya yi dariya. "Haba malam, ni ko ba birki ina tsayar da mota. In ma wani abu ya faru, ai raina nawa ne."

A ransa ya auna: jiya ya je ya dawo lafiya, shekaranjiya ma haka. Me zai sa yau ta bambanta?

A tasha ƙanwarsa ta same shi. Tela ce, mijinta ya rasu, da keken ɗinki take riƙe da 'ya'yanta. Yadi za ta je sayowa. Ta shiga gaba ta zauna, ko tambaya ba ta yi ba. Wa ke tambayar lafiyar motar yayansa?

A gangaren gada ya taka birki, ƙafarsa ta nutse har ƙasa.

Fasinjoji suka fita da raunuka. Shi ko ƙwarzane bai yi ba. Ƙanwarsa ce aka yanke wa ƙafar dama, wadda take taka keke da ita.

'Yan dubiya suka cika asibiti suna ta cewa ƙaddara ce. Bakaniken ma ya zo. Ya kalli direba, direba ya sunkuyar da kai. Da ƙanwar ta farfaɗo kuwa, sai ta ce, "Yaya, kai dai ba ka ji ciwo ba ko? Alhamdu lillahi."

Wannan magana ta ƙarasa shi. Ya bar tuƙi. Ya daina bin layin gidanta. In 'ya'yanta suka hango shi suka ce "Kawu, ina wuni," sai ya rasa inda zai sa idonsa. Har yau ya kasa gaya mata gaskiya, ita kuma tana ta aike tana cigiyarsa.

Ya 'yan uwa, Allah ya ba mu hankali, ya ba mu zaɓi. Amma wa ya ba ka izinin yin caca da ran wanda bai san ana caca ba? Tsirar jiya ba hujja ba ce, rangwame aka yi maka. Kuma wanda aka gargaɗa ya ƙi ji, kada ya ɓuya bayan ƙaddara.

Allah ya kiyaye mu da zaɓin da zai hana mu haɗa ido da jininmu. Amin.