Murhun Mahtabu

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, a ƙasar Farisa, an yi wata mace mai suna Mahtabu wadda ta rasa miji da gonar rumman da murhunta a shekara guda. Mijin bai dawo ba, amma sauran biyun ta karɓo su, har da ribar waziri a kai.

Sarkin ƙasar, Bahzadu, yana da fada mai lambuna da tafkuna, kuma duk ruwanta daga ƙauye guda yake gangarowa ta ƙarƙashin ƙasa, wani ƙauye a gindin dutse da ake kira Cihildudi, wato Hayaƙi Arba'in da Farisancin mutanen wurin. Kakanninsu ne suka ƙulla alkawari da ifritun da ya mallaki idon ruwan: ya ba gidaje arba'in garwashi arba'in, kowanne da ƙamshin hayaƙinsa, kuma muddin duka suna tashi kowace safiya, ƙauye da ruwansa suna nan inda suke.

Su kuwa mutanen ƙauyen gemu suke ƙidayawa. Da mijin Mahtabu ya rasu bai bar ɗa ba, dagaci Hushangu ya zo da tulun ruwa ya tuttule a murhunta, ya ce mace ba gida ba ce, ya haɗe gonarta da tasa. Gari na wayewa ifritu ya shinshina, ya ji babu hayaƙi ɗaya, ya sunkuci ƙauyen da idon ruwansa ya dire su a tsakiyar hamadar gishiri. Tafkunan fada suka ƙafe, birni ya shiga ƙishirwa.

Sarki ya tashi Waziri Namdaru neman ƙauyen. Ya keta duwatsu da sahara har raƙumansa suka rame, sannan ya iske dattawa zaune cikin gishiri, sun hura wutar aro a wani kango don cike hayaƙi na arba'in, ifritu ko waiwayowa bai yi ba. A nan aka raɗa masa cewa Mahtabu ta tsame garwashi ɗaya kafin ruwan tulun ya kai gare shi, tana renonsa cikin kasko a ƙarƙashin toka.

Waziri ya tsaya a ƙofarta bisa doki ya ce, "Baiwar Allah, mai martaba ya umarta ki hura wutarki, za a ba ki zinariya nauyin kaskon."

Ta dube shi daga rawani har likkafa. "Ranka ya daɗe, ai ni ba gida ba ce. Ga Hushangu can, ya hura gemunsa."

"A ƙara miki bayi da alharini."

"In sa alharini in zauna a zauren wani? Aljani ma ya san hayaƙina, sai ku masu rawani ne ba ku iya ƙirga ba."

Waziri ya tuna busasshen leɓen sarki, ya ce, "To, ni zan aure ki, ki tare a birni."

Ta yi tsaki. "In tare a birni, wa zai hura wutar? Da wannan kan ake riƙe ƙasa?"

Sai ya sauko daga doki. Ta yi ta ja da shi har inuwa ta juya, sannan ta yaye toka, ta busa garwashi. Hayaƙi na tashi ƙasa ta girgiza, suka buɗe ido a gindin dutsensu, ruwa ya kama hanyar fada. Aka ɗaura aure, sarki da kansa ya zo shaida, ya tambaye ta abin da ta sallama a kai.

Ta ce, "Allah ya ja zamaninka, na yi arha. Gonata ta dawo, a ƙidaya gidan nan da sunana, Hushangu ya riƙa ɗebo mini ruwa da tulun nan nasa. Waziri kuwa shi zai tare a gidana, kuma itacen murhu a kansa yake."