Dalilin da ya sa kyanwa ke ɓoye ciwonta

Dalilin da ya sa kyanwa ba ta nuna ciwo, yara, wani abu ne da ya faru a gidan Malam Cindo masunci.

A wancan zamani dabbobin gida suna magana da masu su. In wata ba ta da lafiya sai ta faɗa, a kira Inna Tabawa mai maganin dabbobi daga ƙetaren kogi. A gidan Malam Cindo akwai kyanwa da wani jan kare mai suna Jatau. Tare suka tashi, a kasko ɗaya suke ci.

Wata safiya kyanwa ta tarar da Jatau kwance a bayan rumbu, bakinsa a buɗe, miyau na dalala.

Ta ce, "Kai acici, yau kuma me ka haɗiya?"

Ya yunƙura zai amsa, muryar ba ta fita ba. Ta turo masa ruwa, ya kawar da kai. Nan wasa ya ƙare mata. Ta ruga zaure, inda maigida ke gyaran komar kamun kifi tare da maƙwabta.

"Maigida, Jatau ba lafiya. Ya kasa shan ruwa, sai miyau, idonsa ya yi ja."

Wani maƙwabci, Ɗan'azumi, ya ajiye igiyar hannunsa.

"Miyau? Ga gudun ruwa? Malam, ai hauka ce. Muna da 'ya'ya a unguwar nan."

Malam Cindo ya ce, "Karen shekara bakwai, ko kaza bai taɓa ciza ba."

"To yau zai fara da wa?"

Kyanwa ta ce, "Don Allah ku jira, in kira Inna."

Ba wanda ya ce mata e, ba wanda ya ce a'a. Ta ɗauki shirun a matsayin alkawari. Ta shiga kwalekwale duk da tsoron ruwa, ta ƙetare, ta dawo da tsohuwar. Suna shiga gida ta ga sanduna jingine da rumbu, Malam Cindo yana kallon ƙasa.

Inna Tabawa ta durƙusa, ta buɗe bakin gawar Jatau, ta zaro ƙayar kifi mai tsawon yatsa.

Ta ce, "Saboda wannan kuka kashe shi. Cire ta aikin ɗan lokaci ne."

Ɗan'azumi ya ce, "Ai kyanwar ce ta faɗa mana."

Kyanwa ta dubi ƙayar, ta dubi maigida. Gaskiya ce ta faɗa, kuma don a taimaka. Daga ranar ba ta sake gaya wa mutum ciwo ba, nata ko na wani.

Shi ya sa har gobe, in kyanwa ba ta da lafiya, sai ta shige ƙarƙashin gado ta yi shiru. Ko gaban likitan dabbobi aka kai ta, sai ya lalubo da kansa. Ta taɓa faɗa sau ɗaya, ta ga abin da aka yi.