Zomo da Jarkar da Ba Ta Zufa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!
Ta zo mu ji ta, kunnuwanmu na nan.

Zomo ne ya dawo gida bayan shekaru yana yawon duniya, ya tarar rijiyar gari ta ja baya, kowane mai lambu guga ɗaya ake ba shi a rana. Amma tumatirin tsoho Kunkuru kore shar.

Zomo ya ce, "Baba Kunkuru, asiri kake yi?"

Kunkuru ya ce, "Wane asiri, ɗan nan? Tulun ƙasa nake binnewa a tsakiyar shuka, in cika shi, in rufe bakinsa. Saiwa tana sha a hankali, rana ba ta samun ko kurɓi."

Zomo ya ƙyalƙyale da dariya. "Tulu? Ni da na ga birni!" Ya dasa tattasai, ya binne sabuwar jarkar roba a tsakiyarsa, ya cika ta, ya tafi hira.

Kwana huɗu, tattasai ya langaɓe. Zomo ya ruga yana ihu an sace masa ruwa. Kunkuru ya zo ya buɗe murfin, ga jarka cike fal.

Ya ce, "Ko ɗigo bai ɓata ba. Tulu yana zufa, ita kuwa wannan marowaciya ce."

Kunnuwan Zomo suka faɗi. "To, tattasaina fa, Baba?"

Kunkuru ya kira Bushiya, ta ara musu ƙaya ɗaya, suka tono jarkar, suka huda gindinta, suka sake binnewa. Ruwa ya shiga ɗiga, tattasai ya farfaɗo.

Har yau Zomo yana gaya wa mutane daga birni ya zo da dabarar.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera! Ba don Gizo ba, da na ce da idona na gani.