Makaniken da Ya Cire Ƙwan Fitila

An yi wani mutum, ɗan Maruda ta ƙasar Gwandu, ya buɗe gareji a Kalgo. Allah ya ba shi kunne. Inji na tashi zai gaya maka ciwonsa. Sai dai yana da ƙyuya, ga son a ce aikinsa da sauri.

Ya 'yan uwa, a mota akwai wani bawul da ke mayar da ɗan hayaƙin salansa cikin inji. Idan kunkunniya ta taru ta maƙale shi, sai mota ta riƙa kakkarwa tana mutuwa, fitilar gargaɗi ta kama a gaban direba. Maganin shi ne a kwance shi, a duba, a wanke.

Wata rana Adamu, direban da ke jigilar mutanen Maruda, ya kawo motarsa da wannan ciwo. Mutumin ya saurara, ya gane sarai. Amma bawul ɗin yana lungu, ga inji da zafi. Ya tura Adamu cin abinci, ya ɗan ƙara wa injin wuta, ya zare ƙwan fitilar ya jefa aljihu.

Adamu ya dawo ya ga fitila ta mutu. Ya ce, "Lalle hannunka da albarka, maigida." Har addu'a ya yi masa.

Shin cire fitila yana cire ciwo?

Da damina ta kankama, maciji ya sari Hajara, mahaifiyar makaniken, tana cirar ciyawa a gona. Motar Adamu ce kaɗai a garin. Aka sa ta ciki aka nufi asibiti. A tsakiyar daji motar ta yi kakkarwa ta mutu, ta ƙi tashi.

Adamu ya buga wa makaniken waya. "Inna ce ag ga mota, maciji ya cije ta. Mun tsaya. Ban san mi ya sami motar ba, ko hitila ba ta kama ba."

Shi ya sani. Ya hau babur da sifanoninsa. Da ya isa ya kwance bawul ɗin, ya wanke da fetur, ya mayar. Aikin bai kai tsawon alwala da salla ba. Injin ya tashi lafiya lau. Ya ɗago kai, ya ga matan da suka rako mahaifiyarsa sun riga sun ja mayafi sun rufe mata fuska.

Bai sake riƙe sifana ba. Garejin ya zama makwancin awaki. Ni kaina ina tausayinsa, domin har yau ƙwan nan yana aljihunsa.

Ya 'yan uwa, wanda ya kawo maka aiki amana ya ba ka. Ha'incin da ka ɓoye ba ya tsayawa inda ka ajiye shi, kuma ba ka san wa zai hau motar gobe ba. Kada mu kashe abin da ke yi mana gargaɗi, a mota ne ko a zuciya.

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya ba mu ikon gyara tun fitila na ci. Amin.